Waya Ɗaya

Shekara biyu ina tara ta gaɓa-gaɓa,
yau fanka, wani watan allo,
katin hoto kuwa sai da na jira damina ta wuce,
har ta tsaya da ƙafarta a shagona na Rafindadi,
baƙa, da koriyar fitila a ciki kamar idon mage.

Daren farko na ci ƙwallo huɗu.
Dare na tara ina gab da raga,
gola ya faɗi, ba kowa a gabana,
sai allo ya yi shuɗi
kamar an tsoma shi a marina.
Shiru. Ni da buɗaɗɗen baki.

Na ce NEPA ce. Wa ake zargi in ba ita ba?
Amma ga ƙwan fitila yana ci.
Sagir ya ce ƙwayar cuta ce,
na share komai, na wanke ta tas,
na kwana ina lodi, datar dubu uku ta bi ruwa.
Kwana biyu lafiya lau,
na uku ta sake sumewa, motata na shan kwana.

Na kwance ƙusoshi, na zare ram biyu,
na goge haƙoransu da magogin fensirin Nana,
in sa ɗaya, in cire ɗaya,
kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba.

Zayyanu mai gyara, can Ƙofar Ƙaura,
ya leƙa da tocila, ya kwashe da dariya:
zanzaro ya yi gini a bayan fanka,
ɗaki uku na laka, har da 'ya'ya.
"Nawa yake biyan ka haya?"
Ya kankare, ya shafa sabon man sanyi,
ya kunna ta awa biyar a gabana,
ko tari ba ta yi ba.
Na rungumo ta a keke har gida.
Kafin a yi shirin barci ta mutu.

To, ciwon da ke warkewa a asibiti
ya dawo a gida,
gidan za a tambaya.

Na sayi ƙaramin littafi
ina rubuta lokacin kowace suma:
tara da kwata,
goma saura biyar,
sha ɗaya saura ashirin da biyar.
Na bar wasa, na koma sauraro.
Karnukan bayan layi. Rediyon Baba. Babur.
Sai wani gurnani daga tsakar gida,
gajere, kamar tsoho zai miƙe tsaye,
ƙwan fitila ya ɗan runtse ido,
allona ya tafi.

Ashe firizar Inna Hajjo ce.
Tsohuwar nan mai tsatsa a gindi,
wadda ake danne murfinta da dutse,
cike da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya.
Duk sanda injinta ya ja numfashi
sai ya shanye rabon kowa,
don waya ɗaya ce ta ratso soro,
ta bi ta madafa, ta ƙare a shagona.

Na tsaya a kanta cikin duhu, hannu a kan soket.
Ita ta biya kuɗin makarantata.
Rabin kuɗin katin nan ma, in za a faɗi gaskiya,
daga cikinta ya fito,
leda-leda, hamsin-hamsin.
Na janye hannuna.

Zayyanu ya ce a ja mini layi daban daga mita,
ko in sayi batirin da ke tare faɗuwar wuta.
Duka biyun kuɗi ne, aljihu kuwa sai iska.
Na sa asusu.

Kafin ya cika, ga yadda muke zaune:
na san zagayenta, minti arba'in ne.
In saura biyar sai in adana wasa, in kashe,
in fita tsakar gida, in ɗaga dutse a hankali,
in zari zoɓo ɗaya mai ƙanƙara.
Inna daga cikin ɗaki, ko labule ba ta ɗaga ba:
"Na dai ƙirga su."