Gwangwanin Madara

Ranar Laraba na fara lura.
Na tsefe kalabar da Talatuwa ta yi mini,
mataji ya fito da dunƙule
kamar ƙwan kurciya.
Inna ta sha hana mu yar da gashi a tsakar gida,
wai tsuntsu zai yi sheƙa da shi, kai ya yi ta sara,
sai na nemi gwangwanin madara na rufe.
Kafin wata ya mutu, murfin ya ƙi zama.

Tun da tirelar Buba ta kwanta a kwanar Bajoga
da buhunan siminti a bayanta,
shi yana kan tabarma, ƙafa cikin karan ɗori,
ni ina kan lissafi.
Mai ɗori, zubin adashi, takalmin makarantar Sa'adatu.
Dare ya raba, idona biyu,
ina jin injin Ashaka yana niƙa dutse,
ina jin ƙaninsa ƙarƙashin ɗankwalina.

A kwatas nake wanki da guga,
gidan wani injiniya mutumin Indiya.
Matarsa Madam Sushila, Hausarta ba ta cika cokali ba,
amma ranar da ɗankwalina ya zame ina shanya,
ta ga fili a tsakar kaina, faɗin sulalla,
ba ta yi tambaya ba.
Ta ce, "Zauna."

Akwai hulba da ta jiƙa tun jiya don kanta.
Ta markaɗa, ta ɗora man kwakwa a ƙaramin kasko,
ta zazzago wasu baƙaƙen 'ya'ya daga kwalba,
amla, in ji ta, daga garin uwarta.
Na ɗanɗana ɗaya, tsamiya ma ta san da manya.
Sannan ta aike ni bakin katanga in tsinko ganye.
Na duba, dariya ta kuɓuce mini:
darbejiya!
Wadda muke tafasawa in zazzaɓi ya kwantar da yaro.
Ta ce ai 'yar garinsu ce, ta dai riga ta zuwa.
Ashe baƙuwa ce ta tsufa a ƙofar gidanmu
ba wanda ya tambaye ta asali.

Man da ɗumi.
Yatsunta suka tashi daga ƙeya zuwa goshi,
ba gaggawa, kamar mai tsince shinkafa.
Rabon da a taɓa kaina ba don kitso ba
tun Inna na da rai.
Ban san sanda hawaye ya zo ba,
ban san sanda barci ya sace ni
a kujerar roba, kwandon guga yana jira.

Da na farka ta nuna kwalbar, ta nuna ƙirjina,
ta tattaro 'yan kalmomin da ta mallaka:
"Wannan rabi. Barci rabi."

Ban ce magani ya ci ba, ban ce bai ci ba.
Likita a Bajoga ya ce jinina ya yi ƙasa,
ya ba ni jajayen ƙwayoyi.
Buba ya fara dogara sanda zuwa masallaci.
Uwar adashi ta ɗaga mini ƙafa zuwa kaka.
Wa zan yi wa godiya in bar wa?

Na dai san jiya Talatuwa ta tsaya, tsinke a hannu,
ta ce, "Ke Dija, wasu 'yan ƙanana sun leƙo nan,
kamar gero kwana uku bayan ruwa."

Abin da ke gwangwanin na binne gindin darbejiya,
na wanke shi, yanzu hulba ke ciki.
Daren Juma'a ni ke ɗumama mai,
Sa'adatu tsakanin gwiwoyina,
tana ƙorafin wari,
tana gyangyaɗi.