Littafin Ruwan Baba Ilu

Ƙarfe bakwai na safe, kafin shayi,
Baba Ilu kan zaga bayan makaranta a Gangare,
ya durƙusa gaban mazurarin tagulla
kamar mai gaida suruki.
Ya tsiyaye abin da dare ya bari a kwalba,
ya ɗaga ta saitin ido,
ya rubuta. In babu komai, ya rubuta babu.
"Babu ma labari ce," in ji shi.

Shekara talatin da ɗaya.
Littattafan na nan cikin adaka;
asu ya cinye rabin Yulin shekarar da aka haife ni.

Ni ce mai riƙe masa fensir.
Na taɓa tambayarsa me ya sa baƙinmu na Kano
suke neman bargo a tsakiyar damina.
Ya nuna Dutsen Shere da haɓa:
"A kan soron ƙasa muke, Uwani.
Iskar kudu kan taso daga teku da jiƙaƙƙen kaya,
ta yi ta tafiya har ta zo hawa tudunmu.
Kowane taki sama, sanyi ya ƙara kama ta,
kayan su yi mata nauyi,
ta sauke mana a ƙofar gida."

Wani dare ya soke lemo da tsinken tsire,
ya karkata shi, ya zagaya fitilar ƙwai da shi.
"Ga duniyarki. Ba a miƙe take ba.
Tafe take da karkataccen wuya
kamar mai tallar da gammo ya zame wa,
kuma a wannan karkatar
bazara da damina, kaka da ɗari
suke karɓar aiki hannu da hannu."
Sannan ya ɓare duniyar, muka raba.

Wata Laraba cikin Mayu
hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas,
kaji suka shige akurki tun la'asar,
kwanon rufi ya ɓarke da surutu.
Ƙanƙara, kamar 'ya'yan kanya.
Mu yara muna tsinta muna tsotsa.
Ngo Kaneng kuwa tana tsaye bakin gonar dankalinta,
can gefen kududdufin kuza,
ganye a kwance kamar an bi shi da bulala.
Ta ce, "Ilu, garin nan ya canza hali."
Baba ya ce, "Fushin yini guda ba hali ba ne.
Yanayi baƙo ne, ya kwana ya wuce.
Halin gari zanen dutse,
sai an shekara talatin ana karanta shi."

Bana na kwaso littattafan, na baje su kan tabarma.
A rubutunka, Baba, ruwan fari
mai cika alkawari ne, kamar ɗan adashe na gari.
Yanzu sai ya leƙo, manomi ya zuba iri,
ya ɓace mako uku,
ya dawo da na wata guda cikin dare ɗaya,
Dilimi ta shiga ɗakunan mutane ba sallama.
Na sayi fanka, Baba.
A Jos.
Sauro ya haddace hanyar gidanmu.

Ko Ngo Kaneng ta riga ka gani, ban sani ba.
Ka ce hali zanen dutse,
amma ta tagata tun asuba nake jin masu fasa dutse,
tifa na kwasa tana kaiwa Abuja.

Mazurarin ya yi kore. Na goge shi da toka da lemon tsami,
na kafa shi nesa da bishiyar fiya,
yadda ka ce, kada ganye ya yi masa ƙarya.
Daren jiya an yi ta walƙiya wajen Bukuru,
ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zo har kan gado.
Da safe na durƙusa, gwiwa tana ƙara,
na ɗaga kwalba saitin ido.
Autana Sallau ya leƙa, fensir a bayan kunne,
ya ce, "Inna, ai ba komai."
Na ce, to, rubuta,
ka kuma sa kwanan wata.