Kilomita Saba'in

A Hamburg rana baƙuwa ce.
Takan leƙo kamar mai bin bashin da ta san ba za a biya ba,
ta ja mayafinta, ta juya.
Shekara tara ina wankin zannuwan asibiti a ƙarƙashin ƙasa,
inda injuna ke tari ba dare ba rana.
In fita da duhu, in dawo da duhu,
har inuwata ta gaji, ta daina bina.

Maƙwabciyata, tsohuwa Wiebke,
da haɓa take gaisuwa.
Sai ranar da karenta ya mutu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa,
muka tsaya a kan matakala, ba mai cewa uffan,
ruwa na taɓa taga kamar yatsun marowaci a kan kuɗi.
Ita ce hira mafi tsawo da na yi a gidan nan.

A Kelibiya, garinmu,
mahaifiyata kan rataye barkono a bango, ja wur,
masunta su shiga teku da fitilu,
su dawo kafin ladan ya gyara murya.
Ta rasu a watan da takarduna ke kwance a ofis.
Najat ta sayar da gidan. Ban ga laifinta ba,
rufin yana yoyo, ni kuwa ina nesa.
Yanzu ɗakina na haya ne ga masu yawon buɗe ido.
Na gan shi a waya: shuɗin fenti, sabon labule,
da kuɗin kwana ɗaya a ƙasan hoton.

"Munji," in ji Torben, muna ninke zani,
"fuskarka ta koma kalar kayan aikinmu. Ɗauki hutu."
Na buɗe taswira, yatsana ya nufi gida,
ya yi birki a cikin ruwa.
An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi;
ba a faɗi inda mutum zai kai jakarsa ba.
Na zaɓi Pantelleriya, wani baƙin dutse na Italiya,
kilomita saba'in daga ƙofar da ba tawa ba.

Gaspare, mai masaukina, ya ba ni burodi da zaitun.
Sunayen ƙauyukansu Larabci ne
da ya tsufa a bakin waɗansu mutane.
Inabi a rami suke shuka shi,
ya durƙusa ƙasa-ƙasa don kada iska ta karya shi,
a haka yake 'ya'ya.
Na daɗe a tsaye a kansa. Mun gane juna.

Dare na huɗu sama ta washe.
Gaspare ya nuna yamma da wuƙar yankan burodi:
wasu ɗigo-ɗigon haske a gindin sama,
kamar garwashin da aka manta ba a kashe ba.
Sai waya ta motsa a aljihuna.
"Barka da zuwa Tunisiya," in ji ta,
ta bi da farashin kira na minti ɗaya.
Na yi dariya har Gaspare ya kau da kai,
don ya ga dariyar ta sauya hanya.

Na kira Najat.
"Kana ina? Yau muryarka kusa take."
Na ce ina nan inda ta sani.

Hamburg ta tarbe ni da ruwan da na bari.
Wiebke ta shayar mini da na'ana'a, har ta yi toho.
Na miƙa mata kwalbar zaitun,
ta jujjuya ta, ta gyara tabarau,
ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi tambaya:
"Yaya gida?"
Na ce, "Yana nan. Na gan shi da dare."

Saƙon nan ban goge shi ba.
Nakan buɗe shi a jirgin ƙasa, ƙarfe biyar na asuba.