Kumfa Goma Sha Bakwai

Ni ne mai wanke kwalabe a ɗakin gwaji,
shekara ashirin da biyu a Samaru.
Ban san lissafinsu ba,
amma hancina ya san kowane ruwa tun ba a buɗe murfi ba.

Ranar Talata Balaraba ta aike ni kasuwa:
zoɓo mudu guda, mai duhun ja.
Na ce, suna za a yi?
Ta ce, Baba Tanimu, tarko zan ɗana wa rana.

Ta shafa farin gari a fuskar gilashi,
ta gasa, ta tsoma a jiƙon zoɓo
har ya fito jawur kamar bakin mai cin goro.
Ga waya biyu, ja da baƙa, masu haƙoran kada,
ga ruwan Kubanni da na tace sau uku.
Muka ja tebur waje,
inda inuwar dalbejiya ba ta kaiwa.

Ta ce, in haske ya bugi rinin nan
zai tashi wasu 'yan mitsi-mitsi daga barci,
su bi waya kamar jerin tururuwa,
su tsaga ruwa gida biyu:
iskar da muke shaƙa,
da 'yar'uwarta mai kama wuta ba hayaƙi.
Ta ce, ganyen kuka ya iya tsaga ruwa
tun ba a ɗora tubalin ganuwa ba,
mu ne 'yan koyo.

Allura ta ɗan gyaɗa kai.
Ruwa kuwa ya yi mana shiru, shirun mai jin haushi.
Zufa ta jiƙa mata mayafi,
azahar ta zo ta same mu tsugune.

Sai ta jona ƙaramin batir, ta ce a ɗan tura.
Na ce, ashe noma kike yi!
A Hunƙuyi ko yaro ya sani,
sa ɗaya ba ya jan garma,
sai an haɗa shi da ɗan'uwa a karkiya.
Ta yi dariya har biro ya faɗi.

Can sai ga ta,
kumfa ɗaya, ba ta kai ƙwayar gero ba,
ta maƙale a jikin ƙarfe tana shawara,
sannan ta saki, ta hau.
Wata ta biyo.
Na ƙirga da yatsa, ina riƙe numfashi,
har goma sha bakwai.
Hadari ya taso daga wajen Kufena
ya rufe mana kasuwa.

Da yamma na wuce layin mai a Kwangila,
jarka bayan jarka, kowa fuska a murtuke.
A Hayin Dogo janaretan maƙwabci yana tari,
jikata tana haddar darasi da fitilar waya.
Aka miƙo mini ruwa a moɗa.
Na daɗe ina dubansa.
Wai akwai wuta kwance a ciki,
mu kuma kullum kashe wuta muke yi da shi.

Washegari gilashin ya koɗe fes,
ranar da ta ba shi aiki ita ta cinye launinsa.
Balaraba ta juya shi, ta rubuta wani abu,
ta laluba jaka.
Mudu biyu yau, Baba,
kuma ka ce wa mai zoɓo ya rage mana.