Takalmi da Alƙalami

A Patras, tun kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai,
Stamatis ya kama layin banki, yana dogara sanda.
Injin yana tofo wa kowa yuro sittin,
ba ƙari, ko da uwarka ce kwance a asibiti.

Jikarsa Rodanthi tana gefe, tana cika tana batsewa.
"Kaka, duk kanwar ja ce.
Na zamaninku sun shigo da tankoki,
namu sun sauka da jakar takardu da murmushi.
Sunan abin ceto,
kamar yadda mahauci ke ceton akuya daga kura."

Tsoho ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu,
yatsu biyu da ba su sake lanƙwasawa ba.
"Shekarar da tankoki suka kwana a titi,
ƙanena Lefteris ya kwaikwayi tafiyar wani kanar
a gidan gahawa, aka yi dariya.
Washegari kujerarsa ce kawai ta zo.
Uwarmu ta saƙa safa ta aika tsibiri,
aka dawo mata da su ba a kwance ƙullin ba.
Ke ga ki nan kina zagin minista,
ɗan sandan can hamma yake yi."

"Na zage shi, sai me?
Mun yi layi kamar wannan mun kaɗa a'a,
gari ya waye an sa hannu a kan i.
Sau nawa aka yanke fanshonka?
Kwaɗo nawa ke ƙofar shagon babana?
Ran Litinin jirgin ruwa zai haye da ni,
in je in riƙa juya tsofaffin masu binmu bashi
a kan gadajensu."

Layi ya matsa taku uku.
Iskar teku ta kawo ƙarnin kifi da warin man jirgi.

Takalmi ya taka wuyanka, ka san fuskar da za ka tsana.
Alƙalami yana yanka ba jini,
ka rasa wanda za ka kai ƙara,
har a ce ka yi godiya.
Tsohon ya san wannan, bai faɗa ba.

Ya karɓi takardu uku, ya ƙirga su sau biyu,
ya cusa mata ɗaya a tafin hannu.
"Shi ma jirgin ruwa ne ya ɗauke shi," in ji shi.
"Ke dai ki sayi tikiti mai dawowa."