Allurar Jabal Lauz

Talata, bayan la'asar,
Mish'al ya shigo gareji da tirela,
a kanta wata dabba, ko taya ɗaya babu:
gaba takalma biyu masu tsawon galma,
baya bel mai haƙoran kada.
Na ce, wannan fa, daga wace duniya?
Ya ce, babur ɗin ƙanƙara ne, Malam Barmo,
tarbo gare shi, geji nake so ka sa masa.

Shekara ashirin da shida ina Sana'iyyar Tabuka,
na farke cikin motoci sun fi gashin gemuna,
duk 'ya'yan rana ne, zafi ke kashe su.
Yau ga wanda aka haifa don sanyi
yana kallona da fitila guda.

A shagon Ubadi uku ne bisa gilashi.
Na farko lambobi ne shuɗɗa, suna ƙifce kamar mai tsegumi.
Wa zai karanta lamba yana gudu,
hannu na rawa, tabarau ya yi hazo?
Na biyu babban gwaska, ma'auninsa har huɗu,
injin kuwa ko ɗaya ba ya cikawa.
Ba a auna zinariya a sikelin buhu.
Na ɗauki na uku, allura da tiyo kawai,
ba waya, ba surutu, irin namu na da.

Jazuli yarona ya sosa ƙeya.
Ya ce, Baba, tiyon nan dogo ne,
gumi zai kwanta a cikinsa,
can bisa dutse ya daskare,
allura ta tsaya tana maka ƙarya.
Na yi shiru.
Yaron da na koya wa riƙon sifana.
Na ce wa Ubadi, akwai mai allura amma na lantarki?
Ya shiga ciki, ya fito yana hure ƙura a kwali:
riyal ɗari uku da tamanin, ba ragi.

Muka tsaga hanya a bayan maƙogwaron totur,
nan ne iska ke faɗin gaskiyarta.
Tiyo ɗan taƙi ɗaya, nesa da salansa,
kilif biyu, na ja har yatsa ya yi fari.
Jar waya ta bi makulli da ɗan fis nata,
baƙa ta kama ƙarfen jiki.
Fuskar gejin muka ɗaure a kan ƙaho,
daidai inda ido zai faɗa ba tare da ya bar hanya ba.
Na shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa.
Kumfa ɗaya ta fito. Na zagi kaina, na sake.

Da muka tayar, allura ta sunkuya ƙasa da sifili
kamar amintaccen bara gaban maigida.
Jazuli ya murɗa, ta ɗaga kai ta koma.
Mish'al ya ɓata rai: ba ta aiki!
Na ce, tana yi.
Tarbo ba ya nishi sai da kaya a kansa.
Ka kai shi inda zai sha wuya.

Sai jira.
Wata guda, wata biyu, yana cikin tampol,
ni da ban taɓa damuwa da gajimare ba
na koma ina leƙen sama kafin in buɗe ƙofa.

Wata asuba waya ta yi ƙara.
Hoto ne: Jabal Lauz ya yi rawani fari fat,
safar hannu, ƙaho, da allurarmu
tsaye cak, saura ƙiris ta taɓa ɗaya.

Kafin azahar, in ji shi, duk ta narke.

Ina kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar tasi,
baƙin mai na ɗiga a goshina,
na miƙa wa Jazuli wayar, na ce, duba aikinka.
Sannan ka ba ni sha huɗu.