Abin da Muƙamuƙi Ya Riƙe

Tun asuba nake rataye a ƙofar trotro,
Aboabo zuwa Kejetia, Kejetia zuwa Aboabo,
sidi a tafin hannu, canji a tsakanin yatsu,
sunan tasha a bakina har rana ta faɗi.

Da dare kuwa ni mawaƙi ne, ko in ce mai nema.
In na ɗaga murya sai ta maƙale a ganɗa
kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya:
ta ja, ta ja, ta dawo gindin turke tana haki.

Na sha zuma, na sha citta, na tauna kanumfari,
wani ya ce ɗanyen ƙwai, na rufe ido na haɗiye.
Maƙogwaro ya yi santsi, murya ko gezau.

Iya Zuwera mai koko a kwanar Asawase,
wadda a da in ta rera a gidan biki
masu rabon wake da shinkafa kan manta da ludayi,
ita ta jiyo ni a bayan shagon Issaka tela.
Ta ce, "Zo nan, yaro. Wa kake cizo?"
Na ce ba kowa.
Ta ce, "To haƙoranka ba su sani ba."

Ta goge hannu a zani, ta ɗora manyan yatsunta
nan gaban kunnuwana, inda ƙashi ke haɗuwa da ƙashi.
Ta danna. Na ga taurari da rana tsaka.
"Ka ji? Dutse ne. Ƙofa ce da tsatsa ta ci,
kai kuma kana zargin baƙon da ya kasa fitowa."

Ta ce in yi hamma. Na yi, da kunya.
"Ba ta gaban suruki ba, ta mai gadi da asuba."
Ta ce in saki haɓa ta yi reto
kamar fasinjan da barci ya sace a kujerar baya,
harshe ya kwanta bayan haƙora kamar kare a inuwa,
kafaɗu su sauka, ba kaya a kansu,
numfashi ya taso daga ƙasan cibiya
yadda maƙeri ke taka zugazugi ba gaggawa.

Yara masu jiran ƙosai suna ta dariya.
Miyau ya zubo mini, ban goge ba.

A nan na gane me nake taunawa shekara huɗu:
zagin direba da na haɗiye don kada in rasa mota,
"ɓarawo" da wata ta ce mini a kan canjin da ba nawa ba,
da kukan da ban yi ba ranar da muka kai Baba Tafo,
don an ce babban ɗa ba ya yi a gaban ƙanne.
Duk suna nan, an jibge su a lungun ƙashi biyu,
ina kwana da su, ina niƙa su cikin barci.

Ta ce, "Yanzu ce aa. Kada ka tura. Bar shi ya zo."
Abin da ya fito ba daɗi gare shi ba,
rawa yake kamar ɗan maraƙi ranar haihuwa,
amma ya wuce ganɗa, ya wuce kwanon rufi,
kuma bai yi mini ciwo ba.

Ba ta yaba ba. Ta miƙo koko, ta ce in biya.

Washegari ruwan Kumasi ya sauko tun da duhu.
Na leƙa ta taga, na saki haɓa, na kira Kejetia.
Wata mai tallan burodi ta waiwayo,
ba motar take so ba,
ta dai tsaya cikin ruwa sai da na ƙarasa kalmar.